Zauren Kawu: Ɗamarar Jar Fata, Butar Azurfa da Masu Ɗaukar Sanduna

Assalamu alaikum. Duk shekara idan damina ta kankama aka rufe gasannin ƙwallon ƙafa na Turai, masu gidajen kallo a nan Gusau da kewaye sai su shiga laluben tashoshi, ko a dace da abin da zai riƙe musu mutane. A haka wasu suka faɗa kan gasar golf ta Birtaniya da ake bugawa a watan Yuli. Da yake an san na taɓa cin abinci a wannan harka ina yaro, saƙonni suka yi ta shigo mini. Na tsinci shida a ciki.

Tambaya: Kawu, ran nan na kamo wata tasha, na iske Turawa cikin rigunan sanyi suna bin wata 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabo, ga jama'a dubbai sun yi tsit kamar ana jana'iza. Yara suka ce in canza. Wai mi ne ne wanga wasa, kuma don mi mai sharhi ke ta maimaita 1860?
*Mai gidan kallo, Ƙaura Namoda*

Amsa: Ɗana, abin da ka kamo shi ne gasar da masu ita ke kira The Open, wato buɗaɗɗiya. A manyan gasannin golf huɗu na duniya ita ce uwa. Sauran ukun duk a Amurka ake yin su, kuma duk ƙannenta ne: US Open ta fara a 1895, PGA a 1916, Masters a 1934. Dokar wasan a baki ba wuya. Fili na da rami 18, wanda ya zagaye su da bugu mafi ƙaranci shi ya ci, don haka a nan mai ƙaramar lamba shi ne gwani. Ana yin kwana huɗu, Alhamis zuwa Lahadi, rami 72 ke nan. Mutum 156 ke farawa, bayan kwana biyu a tankaɗe a bar kimanin 70. Shirun da ka gani kuwa don mai bugu ne. Tarin mutum ɗaya a daidai lokacin da sanda ke saukowa na iya karkatar da hannu.

Batun 1860, mutuwa ce ta jawo shi. A garin St Andrews na ƙasar Sikotilan an yi wani Allan Robertson, wanda kowa ya sallama masa a wasan. Sana'arsa ta gado ɗinkin ƙwallo ce, da a nan ne baduku za mu ce masa. A yanka fata a ɗinke ta kamar 'yar laya, a dafa gashin dinya a dinga cusawa da jiƙe, cikin hula guda a ƙwallo ɗaya. Idan ta bushe fatar ta tsuke gashin ya kumbura, sai ta yi tauri kamar dutse. Gwani bai wuce ya haɗa uku ko huɗu a yini, shi ya sa take da tsada. Ana nan sai aka fito da wata ƙwallon ta ƙaron wani itace na yankin Malesiya, mai araha, mai jure ruwa. Robertson ya ga za a kashe masa kasuwa. Ranar da ya kama yaron shagonsa, Tom Morris, yana wasa da ita, ranar suka raba gari. Daga baya Tom ya tattara ya koma Prestwick a 1851, ya zama mai kula da sabon filin garin.

Robertson ya mutu a 1859, sai gardama ta tashi: wa ya gaje shi? Manyan kulob ɗin Prestwick suka rubuta wa sauran kulob-kulob cewa a turo masu ɗaukar wa manya sanduna, waɗanda aka sani da kirki, su zo su kara. Ka riƙe wannan, don zan dawo kansa a amsar Alhaji da ke ƙasa. Ranar 17 ga Oktoba 1860 mutum takwas suka fito. Filin rami 12 ne, suka zagaye shi sau uku a yini ɗaya. Willie Park na garin Musselburgh ya gama da bugu 174, Tom Morris da ake sa ran zai ci a gidansa ya yi 176. A lokacin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku bai daɗe da hawa ba a Sakkwato, saura shekara 43 Turawa su ci birnin. Da shekara ta zagayo, masu bugawa don nishaɗi suka ce su ma a sa da su, sai aka sanar cewa gasar a buɗe take ga duk duniya. Inda sunan ya samo asali ke nan.

Willie Park ko sisi ba a ba shi ba. Ɗamara aka ba shi, ta jar fata mai adon azurfa, wadda aka saya fam 25. Ita ma ba a sakar masa haka nan ba, doka ta ce sai ya kawo lamuni cewa zai dawo da ita baɗi, in ba haka ba ta zauna wurin ma'ajin kulob. Wato an yarda ya fi kowa iya bugu, amma ba a yarda a ba shi ajiyar fam 25 ba.

Bari in ɗan ratse a nan, don abin ya taɓa gidanmu. Irin fatar da aka yi ɗamarar da ita, Turawa na ce mata fatar Maroko. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, majemi ne, cikin warin bagaruwa da toka na tashi. Jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato da Zamfara da Maraɗi, ita ake jeme fatarta da bagaruwa a rina ta da karan dafi, fatake su ɗora wa raƙuma su ƙetare Sahara. Bature ya saye ta a bakin tekun Arewacin Afirka, sai ya liƙa mata sunan inda ya saya. Ranar da na fara ganin hoton ɗamarar nan a wata tsohuwar mujalla na daɗe ina kallo, don irin jan da na saba gani ne shanye a igiyar tsakar gidanmu.

Tambaya: Baba, na ga wanda ya ci an miƙa masa wani abu kamar butar shayi ta azurfa yana ta sumbata. Me ya hana su yi kofi mai hannu biyu irin na ƙwallon ƙafa?
*Ɗaliba, Tsafe*

Amsa: 'Yata, yaro ɗaya ne ya jawo. Tom Morris ɗin nan da na ambata ya huce haushin 1860, ya ci a 1861, 1862, 1864 da 1867. Ta ƙarshen yana da shekara 46, har yau ba a sami wanda ya ci gasar da shekarun da suka kai nasa ba. To barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa, shi ma Tom sunansa, ya karɓa daga hannun uban a 1868 yana da shekara 17, har yau kuma ba a sami mai ƙarancin shekarunsa ba. Gida ɗaya suka riƙe bakin zaren biyu. Yaron ya sake ci a 1869, ya ƙara a 1870 da tazarar bugu 12. Dokar ɗamara ta ce wanda ya ci sau uku a jere ta zama tasa, sai ya naɗe abarsa ya kai gida.

Manya suka rasa abin bayarwa, kuma suka tsaya jan ƙafa kan wa zai biya kuɗin sabo, har 1871 ta wuce ba a yi gasar ba. Daga bisani kulob uku, na Prestwick da na St Andrews da na Edinburgh, kowanne ya kawo fam 10, aka ba maƙeran azurfa na birnin Edinburgh aiki, aka kuma yarda gasar ta riƙa zagayawa tsakaninsu. Abin da aka ƙera ba butar shayi ba ce, gara in faɗa miki gaskiya. Siffar butar zuba jan ruwan inabi ce irin ta teburin attajiran wancan zamani, abin da suka saba gani a gabansu shi suka sa aka yi. Claret Jug ake ce mata. Da aka dawo wasa a 1872 yaron nan ya sake ci, karo na huɗu a jere, amma butar ba ta gamu ba, lambar yabo aka ba shi. Tom Kidd ne ya fara riƙe ta a 1873, sai dai sunan ƙaramin Tom ne na farko a jikinta.

Ƙarshen yaron ba daɗi. A watan Satumba na 1875 shi da mahaifinsa suna wata karawa a North Berwick da Willie Park da ƙaninsa, sai ga waya cewa matarsa na kan gwiwa kuma abin ya yi tsanani. Aka sa su a jirgin ruwa don su yanke hanya, amma kafin su isa ta rasu, ita da jaririn. Bai cika wata huɗu a bayanta ba, ranar Kirsimeti aka iske shi ya mutu a ɗakinsa, yana da shekara 24. Uban ya rayu har 1908.

Ita butar ta asali tun bayan gasar 1927 aka ajiye ta a St Andrews. Wadda kika ga ana sumbata kwafinta ce, wanda ya ci zai riƙe shekara guda ya dawo da ita, a ba shi wata ya ajiye a gida. Akwai mai sassaƙa zaune a filin ranar Lahadi, kafin a gama tafi ya rubuta sunan.

Tambaya: Malam, ina ganin girmanka, amma wanga karon ka ɓata shafi. Golf wasan gwamnoni ne da janar-janar da suka ƙoshi. Talaka na fama da tsadar taki kana ba shi labarin masu kuɗi na yawo a ciyawa. Ina ruwanmu?
*Alhaji, ɗan kasuwar hatsi, Talata Mafara*

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Rabin maganarka gaskiya ce, kuma ni na fi ka saninta, don a kafaɗata na ɗauke ta. Ina da shekara 14 kawuna ya tafi da ni Kaduna, a ƙarshen shekarun 1970. Bayan makaranta sai mu sulale wani filin golf mu zauna gindin mangwaro muna jiran motoci. Idan babban mutum ya fito ya nuna ka da yatsa, ka samu aiki. Ka saɓa jaka mai sanduna 14, ka bi shi awa huɗu a rana, ka sa ido inda ƙwallo ta faɗa, ka goge sanda, ka yi shiru. A ƙarshe a ba ka sulai biyar, in ya ci caca a kan abokinsa ya cika maka naira. Ginin kulob kuwa, inda suke shan sanyi, ko inuwar barandarsa ba a bari mu taka. Ruwa a famfon bayan gida muke sha.

Amma ɗaya rabin maganar, a nan ka yi wa rogo kallon kitse. Masu kuɗi su ke da fili, su ke da kulob, sai dai ba su suka iya wasan ba. A gindin mangwaron nan akwai yaran da da sanda ɗaya tsohuwa, wadda aka ɗaure da roba, za su ba iyayen gidansu ratar bugu goma su kuma cinye su. Mukan yi namu wasan da sassafe kafin mai gadi ya farka. Gasar da kake ƙorafi a kanta, irin waɗannan yaran aka tara aka fara ta da su.

Duba waɗanda suka riƙe ta daga 1894 zuwa 1914. A gasa 21, mutum uku suka cinye 16. Harry Vardon ya ci shida, wanda har yau ba a kamo ba, kuma yaron ɗaukar sanduna ne a tsibirin Jersey, daga baya ya yi aikin lambu a gidan wani. Yadda yake riƙe sanda, ƙaramin yatsan dama ya hau kan yatsan nuni na hagu, shi akasarin 'yan wasa ke yi har gobe, ni ma haka aka koya mini ban san mai shi ba. J.H. Taylor ya ci biyar, shi ma ɗaukar sanduna ya fara. James Braid ya ci biyar, kafinta ne. A takardar sakamako ta wancan zamani, mai bugawa don nishaɗi a sa masa Mista a gaban suna, wanda wasan ne abincinsa a rubuta sunansa tsirara. Kuma ba a barinsu shiga ginin kulob, kamar dai mu.

Wanda ya fara yi wa wannan al'ada tsiya Ba'amurke ne, Walter Hagen. A gasar 1920 a garin Deal aka nuna masa wani ɗan shago aka ce can zai sake kaya. Sai ya yi hayar wata ƙatuwar mota da direba, ya sa aka faka ta daidai ƙofar ginin, a ciki yake sake takalmi, a ciki ake kawo masa abinci, manya na leƙe ta taga. Ya dawo ya ci gasar a 1922, 1924, 1928 da 1929, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura. Bayansa ma layin bai yanke ba. Ben Hogan da ya zo sau ɗaya tak a 1953 ya tafi da butar, Roberto De Vicenzo na Ajantina a 1967, Lee Trevino a 1971 da 1972, duk jaka suka fara ɗauka. Seve Ballesteros na Sifen, wanda ya ci uku, da sanda ɗaya ya koya a rairayin bakin tekun ƙauyensu.

Kuɗi kam yanzu sun shigo, ba na musu. Sai a 1864 aka fara ba wanda ya ci kuɗi, fam 6. Xander Schauffele a 2024 da Scottie Scheffler a 2025 kowanne dala miliyan 3.1 ya ɗauka, kuma bisa al'ada mai ɗaukar jaka na samun kashi 10 cikin 100 idan ubangidansa ya ci. Ka lissafa da farashin buhun masara, Alhaji, ka ga abin da sulai biyar ɗina suka zama a hannun wani.

Tambaya: Kawu, a rediyo na ji ana ce wa wasan ƙwallon lambu. To ni filin da na gani ba bishiya ko ɗaya, ciyawa duk ta ƙone, ga ramuka kamar inda aka haƙi zinari. Ina lambun?
*Ma'aikacin gona, Bakura*

Amsa: Ka yi mini dariya da safe. Sunan ƙwallon lambu ya fi dacewa da filin Masters na Amurka, mai furanni da tafkuna. Ita wannan gasar ba a taɓa yin ta ba sai a irin ƙasar da wasan ya tsiro, wato jigawar bakin teku, tsakanin ruwa da gonaki, inda rairayi ya yi yawa har ba a iya noma. Makiyaya aka bar wa ita, tumaki ke aske ciyawar. Ramukan rairayin da ka gani tarko ne, wasu zurfinsu ya wuce tsayin mutum, sai da tsani ko matakala ake sauka. Ba bishiya, don haka iska ke mulki. Rami ɗaya da safe a kai shi da ƙaramar sanda, da la'asar babbar ma ta kasa. Ƙwallon da aka ɗaga sama iska ta tafi da ita, shi ya sa gwanaye ke bugun ƙasa-ƙasa su bar ta ta gangara.

Wannan bugun mu ma shi muka tashi da shi, don dole. A filin da na yi aiki, da rani ƙasa kamar daɓe take. Kewayen ramin kuma ba ciyawa, rairayi ne aka kwaɓa da baƙin mai na mota aka baje. Aikina idan ubangidana ya iso wurin, in ja wani guntun buhu da aka ɗaura wa sanda daga ƙwallonsa zuwa bakin rami, in share masa hanya sumul. Rigata ba ta rabuwa da warin gareji.

Mutum biyu za su nuna maka abin da irin wannan fili ke so. Tiger Woods a St Andrews a 2000: filin na da tarkon rairayi 112, ya yi kwana huɗu bai faɗa ko ɗaya ba, ya ci da tazarar bugu 8. A 2006 a Hoylake, da ƙasa ta bushe ƙamas, sau ɗaya ya zaro babbar sandarsa a rami 72, ya yi ta lallaɓawa da ƙanana har ya ci. Da ya jefa ta ƙarshe ya kifa kai a kafaɗar mai ɗaukar jakarsa yana kuka, don wata biyu ke nan da rasuwar mahaifinsa.

Na biyun Bafaranshe ne, Jean van de Velde, a Carnoustie a 1999. Ya iso ramin ƙarshe da ratar bugu uku. Ramin na bugu huɗu ne, ko shida ya yi ya ci. Yaron gindin mangwaro ma ya san abin yi: ƙaramar sanda, a lallaɓa, a je gida. Shi sai ya zaro babba. Bugu na biyu ya doki ƙarfen rumfar 'yan kallo ya dawo baya cikin ciyawa mai kai gwiwa. Na uku ya faɗa rafin da ya ratsa gaban ramin. Duniya na kallo mutumin nan ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando, ya shiga ruwa yana leƙen ƙwallo kamar mai su. Ya fito ya karɓi tarar bugu ɗaya, ya buga ta faɗa rairayi, da ƙyar ya gama da bakwai. Aka tafi raba gardama su uku, Paul Lawrie, wanda ya wayi gari ana binsa bugu 10, ya tafi da butar. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mutane na zagin Bafaranshen, ni kuwa mai jakarsa nake kallo, don na taɓa tsayawa a inda ya tsaya. Wata Asabar ubangidana na gaba da bugu biyu a wata 'yar gasar kulob, ga kwalbati a gabanmu. Na miƙa masa ƙaramar sanda, ya harare ni ya ce babba. Na ba shi. Ƙwallo ta nutse, ya juyo ya ce ni na yi motsi. Ranar ko sulai biyar ɗin ban gani ba. Tun daga nan na koyi dabarar tsofaffin cikinmu: idan ka ga mutum zai halaka kansa, sai ka yi kamar sandar ta maƙale a jaka, ka ba zuciyarsa lokaci ta sauka.

Tambaya: Baba, ɗan Afirka ya taɓa cin ta? Mu 'yan Najeriya fa?
*Malamar firamare, Gummi*

Amsa: Malama, Afirka ta ci sau da yawa, sai dai ki saurari sunayen. Bobby Locke na Afirka ta Kudu ya ci huɗu, 1949, 1950, 1952 da 1957. Gary Player ya ci uku, 1959, 1968 da 1974. Nick Price na Zimbabuwe a 1994, Ernie Els a 2002 da 2012, Louis Oosthuizen a 2010. Dukkansu farar fata ne, kuma ba abin mamaki ba ne idan kin tuna wa aka bari ya shiga fili a ƙasashen nan a zamanin wariya. An yi wani Papwa Sewgolum a Durban, jikan Indiyawa, mai ɗaukar jaka, wanda ke riƙe sanda a juye, hannun hagu a ƙasa. Ya ci gasar ƙasar Holan sau uku, ya zo na 13 a wannan gasa tamu a 1963. A garinsu ya ci gasar Natal Open sau biyu, ta biyun ma Gary Player ya kayar, amma akwai hotonsa yana karɓar kofi a waje cikin ruwan sama, don doka ta hana shi shiga ginin kulob. Amurka ma sai a 1961 ƙungiyar ƙwararrunta ta goge sharaɗin cewa sai farar fata. Baƙin mutum na farko da ya ɗaga butar nan shi ne Tiger Woods, shekara 140 bayan farawa.

Ta 2010 ce ta fi zauna mini. Oosthuizen ɗan manomi ne, gidauniyar Ernie Els ce ta ɗauki nauyinsa yana yaro. Ya ci da tazarar bugu 7 a St Andrews ranar 18 ga Yuli, ranar da Nelson Mandela ya cika shekara 92, kuma da aka ba shi abin magana sai da ya taya tsohon murna. Wanda ya ɗaukar masa jaka baƙi ne daga Soweto, Zack Rasego. Ni shi na bi da ido daga ramin farko har na ƙarshe.

Najeriya ba mu ci ba, amma muna da ɗan hannu a tarihin. A da ana yin gasar Nigerian Open a filin Ikoyi na Legas, ƙwararrun Turai na gudo sanyi su zo. Lee Elder ya ci ta a 1971, shi ne kuma baƙin da ya fara buga Masters a 1975. Wani saurayi ɗan Sikotilan, Sandy Lyle, a Legas ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a 1978, bayan shekara bakwai ya ɗaga butar azurfa a 1985. Vijay Singh na Fiji ya ci ta Legas ɗin a 1988 da 1989 kafin duniya ta san shi.

Tunda malama ce ke, ga ƙari. Kulob ɗin St Andrews sai a 2014 ya yarda mata su zama membobi. Na Muirfield ya yi ƙuri'a a 2016 ya ƙi, aka ce to ba za a ƙara kai masa gasar ba, kafin shekara ta zagayo ya sake ƙuri'a ya yarda. Da aka kai gasar mata can a 2022, 'yar Afirka ta Kudu ce ta ci, Ashleigh Buhai.

Tambaya: Kawu, an taɓa fasa ta? Kuma yaushe zan kunna in ga wurin da ya fi daɗi, don man janareta ya yi tsada?
*Tela, Sabon Gari, Gusau*

Amsa: Sau huɗu aka yanke: 1871 saboda rashin abin bayarwa, 1915 zuwa 1919 da 1940 zuwa 1945 saboda yaƙin duniya, sai 2020 saboda korona. Shi ya sa ta 2022 ce ta 150, ba ta 2009 ba. Ba ta da gida ɗaya, zagayawa take tsakanin Sikotilan da Ingila da Ailan ta Arewa. Prestwick da ta haife ta rabonta da ita tun 1925, wurin ya yi wa 'yan kallo kaɗan. An tsara ta 2026 a Royal Birkdale, ta 2027 a St Andrews.

Batun mai kuwa, ka yi sa'a, a watan Yuli agogonmu da na Birtaniya ɗaya ne. Ka manta da Alhamis da Juma'a, tun da asuba suke farawa har dare. Ka adana manka zuwa Lahadi. Waɗanda ke kan gaba su ke fita a ƙarshe, wajen biyu da rabi na rana, amma kada ka tada inji sai ka sallame la'asar ka ɗan taɓa ɗinki. Wajen ƙarfe biyar suna shiga ramuka shida na ƙarshe, a nan hannu ke fara rawa. Lita biyu ta ishe ka, in ba a tafi raba gardama ba za a miƙa butar kafin ladan ya kira magariba.